Lahadin da Ba a Kira Sunana Ba

A Doka muke haya a lokacin, shekarun da Turawa suka fara maganar tafiya amma ba su ɗaure kaya ba tukuna. Babana masinja ne a sakatariya, yana da keke da kaki, kuma ba ya son a taɓa masa ko ɗaya daga cikinsu. Gidan na wani Bakano ne mai sayar da yadi, mu kaɗai ne Kirista a ciki, 'yan Katolika daga kudancin Zariya. Da Sallah a cika mana kwanuka da tuwo da nama, da Kirsimeti mu mayar da su cike da shinkafa. Akuyar ma mai gidan ne Babana kan kira ya yanka, don kowa ya samu ya ci.

Ina wajen shekara goma sha takwas, ina koyon ɗinki, kuma an san ni da abu biyu, tsiwa da guga. Tsiwar dai, Inna, wato mahaifiyata, ta yi dukan duniya ba ta fita ba. Gugar kuwa ita ta sa uwar baftismata, wadda nake kira Mama, ta ba ni aikin goge ƙyallayen bagadi duk ranar Asabar. Mama ce shugabar matan da ke kula da cocinmu, doguwar mace mai tsoron Allah har ya yi mata yawa. In ta ga tsinke a tsakar coci sai ta durƙusa ta gai da bagadi kafin ta ɗauke shi. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan bagadi inda ake ajiye rigunan Fada, wato limamin coci, a nan nake hura gawayi a dutsen guga in yi aikina, ina waƙa ƙasa-ƙasa.

Ina da saurayi, kafinta ne a ma'aikatar ayyuka, yana zaune can wajen Malali, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a can. Maraya ne, goggonsa ce ta rene shi, kuma ba ya ƙetare maganarta. Ba mai surutu ba ne. Duk abin da yake son faɗa mini da katako yake faɗa, yau kujerar tsuguno, gobe akwati. Har katakon guga ya yi mini, na ce masa wato tun ban shiga gidansa ba ya fara ba ni aiki. An kai gaisuwa, an kawo kayan sa rana, ana jiran ya gama ginin ɗakinsa.

Fada biyu muke da su, amma ƙaramin shi kowa ke so. Bature ne saurayi, yana da babur, ya iya Hausa har da barkwanci. Ranar da mijin Mama ya faɗi a wurin aiki, shi ya goya shi zuwa asibiti. Ina faɗin wannan ne don gaskiya ne, kuma don a san irin mutumin da aka ce in kai ƙara.

A wurin furta zunubi abin ya fara. Mu 'yan Katolika mukan durƙusa a bayan wani katako mai raga mu gaya wa Fada laifofinmu, shi kuma ya yafe da sunan Ubangiji. Na je da 'yan zunubaina na kullum, rashin kunya ga Inna da makara a addu'a, sai ya shiga tambayata a kan saurayina, tambayoyin da ko ƙawata ba ta taɓa yi mini ba. Na ɗauka haka dokar take ga mai shirin aure. A zuwa na gaba tambayoyin suka bar kan kafinta suka koma kaina da shi kansa. Wata Asabar da damina ina guga, ya shigo ɗan ɗakin nan ya tura ƙofa. Ba zan rubuta abin da hannunsa ya yi ba. Na fizge na gudu gida cikin yayyafi ba takalmi, na bar dutsen guga a kan babban ƙyallen bagadi.

Ƙyallen ya ƙone, tabon dutsen ya fito ɓaro-ɓaro a gefe guda. Mama ta yi mini faɗa a gaban mata, ta ce soyayya ta kwashe mini hankali. Na sunkuyar da kai na karɓa, har na ji sauƙi da aka sama mini laifin da ake iya faɗa. Ni da kaina na yi wa ƙyallen faci, sannan na ce gawayi yana sa ni ciwon kai, aka ba wata aikin.

Kunyar da na ji a watannin nan ba ta da fasali. Ba ni na yi ba, na san ba ni na yi ba, amma ni ce ba na iya haɗa ido da mutane. Na riƙa binciken kaina: ko waƙar da nake yi ce, ko yadda nake dariya in ya yi barkwanci, ko ɗaurin ɗankwalina. Na daina zuwa furta zunubi, don haka na daina karɓar jibi mai tsarki, wato gurasar da Fada ke bayarwa a bagadi. A cocinmu kuwa ba a ɓoye wannan. In lokacin jibi ya yi kowa ya tashi ya nufi bagadi, wanda ya zauna an gan shi, kuma kowa ya san mai zunubi a wuya ne ke zama.

Da Ista ta matso ba yadda zan yi, doka ce kowa ya furta zunubi a lokacin. Aka yi sa'a wani tsohon Fada ya zo taimako daga wani gari, mai farin gemu, mai Hausar littafi. Na durƙusa na gaya masa komai, fuskata kamar ta kama da wuta. Daga nan ya ce ba ni da laifi a cikin wannan, kuma wannan ce kaɗai kalmar da na riƙe na tafi da ita. Amma ya ƙara da cewa dokar coci ta ce wanda Fada ya yi wa irin wannan magana a wurin furta zunubi dole ne ya kai ƙara wurin manya kafin wata ya cika. Shi ba zai iya kai mini ba, don abin da ya ji a bayan raga bakinsa a rufe yake a kai har ya mutu. Kuma ba zai iya yafe mini sauran zunubaina ba sai na yi alkawarin zan kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zo in sauke kaya, an ƙara mini wani a ka. Na yi alkawarin.

Tsohon Fadan dai manya suka naɗa ya saurare ni. Aka kira ni gidan mishan da hantsi, ranar aiki, na shiga ta ƙofar gaba, kuku da mai shara suna kallona. A ɗakin akwai tsohon Fada da wani Fada baƙo mai rubutu, wanda bai ɗaga kai ya dube ni ba har na fita, kuma na gode masa da hakan. Aka sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse zan faɗi gaskiya. Sai tambayoyi: yaushe, a ina, me ya ce daidai, me na ce, akwai wata gaba tsakanina da shi, wani ne ya turo ni. Ni da ban taɓa ambaton sunan saurayina a gaban Babana ba, ga ni ina gaya wa maza biyu abin da ko Inna ban gaya wa ba. Da na gama aka karanta mini duka daga farko, na sake jinsa a bakin wani, na sa hannu. Sannan na sake rantsuwa, ta biyu, cewa abin da aka yi a ɗakin nan ba zai fita daga bakina ba, in ya fita za a iya raba ni da coci.

Tsohon bai ɓoye mini yadda shari'ar take ba, kuma ba zan ce zalunci ya nufa ba. Ya ce ba a hukunta mutum da bakin mutum ɗaya. Za a kira mutum biyu da suka san ni suka kuma san ƙaramin Fada, a tambaye su halinmu. Shi ma za a ji ta bakinsa, a ba shi mai tsaya masa, don an sha yi wa mutane ƙage. Takardu za su haye teku zuwa Roma. Sirrin kuma, in ji shi, don a kare sunansa ne in ba shi da laifi, a kuma kare nawa. Na tambaye shi ko za a gaya mini abin da aka yanke. Ya gyara gilashinsa ya ce in yi addu'a.

Mama na cikin biyun da aka kira. Ban san abin da ta faɗa ba a lokacin. Abin da na sani, ta fito daga gidan mishan ta zo gidanmu kai tsaye, ta same ni ina tankaɗe, ta zauna a kujerar da kafinta ya yi mini ta zuba mini ido. Daga ƙarshe ta ce faci ɗin da na yi wa ƙyallen ya yi kyau, ta tashi ta tafi. Ita ma an rantsar da ita.

Damina ta zo ta wuce, ba labari. Ƙaramin Fada yana nan yana hawa baburinsa. Kafinta ya gama ɗakinsa, aka sa ranar aure bayan kaka. A cocin Katolika ba a ɗaura aure sai an yi sanarwa Lahadi uku a jere. Katikis, malamin da ke fassara wa Fada, ya miƙe ya kira sunan saurayi da na budurwa da na iyayensu, ya ce duk wanda ya san wani dalilin da zai hana wannan aure, wajibi ne a kansa ya zo ya faɗa. Lahadin farko da aka kira sunana mata suka riƙa zungurina, Inna ta kasa ɓoye haƙoranta. Ni ma na ji daɗi, na ce ashe abin zai wuce.

Sanarwar ce ta tada maganar. An ce wa mutane su faɗi abin da suka sani a kaina, su kuwa suka tuna. Kuku ya tuna ya gan ni na shiga gidan mishan an rufe ƙofa. Mata suka tuna na yi watanni ban karɓi jibi ba, na kuma bar guga ba dalili. Wasu suka ce na yi wa Fada ƙage don ya ƙi kula ni, wasu suka ce ai ba ƙin kulawa a ciki. Har yau in na tuna sai raina ya yi zafi. A kaina an umarci coci guda ta buɗe baki sau uku, a kansa kuwa an rantsar da duk wanda ya san wani abu ya yi shiru.

Bayan sanarwa ta biyu kafinta ya zo da yamma, muka tsaya a zaure. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce:

"Me ya kai ki gidan mishan? Ki gaya mini, ko me ne ne zan ɗauka."

Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce to in ce masa i ko a'a kawai, akwai abin da ya shiga tsakanina da Fada? In na ce a'a na yi ƙarya. In na ce i, ya ji abin da ba shi ba ne, bayani kuma yana cikin abin da na rantse a kai, ko haka na ɗauka. Na tsaya ina kallon ƙasa kamar ɓarauniyar da aka kama da kaya. Ya jira iya jiransa, ya sa hularsa ya tafi.

Goggonsa ba ta zo wurina ba, ba a yin haka. Ta yi abin da kowace uwa ke yi, ta je bincike wurin wadda ta fi kowa sanina. Al'adar binciken aure kowa ya san ta, Musulmi da Kirista. Ba wanda zai fito fili ya ce 'yar mutane ba ta da hali. In yarinya ta gari ce, ana rufe bakin tambaya za ka ce ku ɗauka da hannu biyu. In akwai matsala sai ka yi jim, ka gyara zama, ka ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Mai tambaya ya gane, ya yi godiya ya tashi.

Goggo ta sami Mama tana tsinke zogale, suka gaisa, ta ce ta zo ne a kan 'yarta ta baftisma, wane irin hali gare ta, mai gaskiya ce? Ita ce tambayar da aka yi wa Mama a gidan mishan, kusan kalma da kalma, hannunta a kan Littafi. Sai tsoro ya kama ta. A ganinta amsar tana cikin abin da ta rantse ba za ta fitar ba, in ta maimaita ta a waje ta ci amanar Allah. Ta yi jim. Ta ce ita bakinta a ɗaure yake, Allah dai ya zaɓa abin da ya fi alheri. Goggo ta yi godiya ta tashi.

Washegari aka aiko a karɓi kayan sa rana. Babana bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi so. Ya fito da akwatin da kansa ya ɗaura a bayan kekensa, keken da ba ya bari a taɓa, ya tura shi da ƙafa har Malali. Inna ta rufe ɗaki ta tambaye ni, da lallashi, da zagi, da kuka, ban faɗa ba. Matar maigidanmu ta aiko mini da fura ba tare da ta tambayi komai ba, na kasa sha don kunya.

Mama da ta ji an mayar da kaya, ta hau mota ta je garin tsohon Fada. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce da ta gaya masa abin da ya faru, ya dafe kai. Ya ce rantsuwar a kan abin da aka yi a ɗakin ne, ba ta hana ta cewa ta san yarinya mai gaskiya ce ba, wannan ai ta san shi tun kafin a kira ta. Mama ta ce masa to me ya sa ba wanda ya gaya mata haka? Ya ce bai san ana irin wannan bincike ba. Shi ya san dokarsa, mu mun san al'adarmu, ba wanda ya zauna ya haɗa su wuri guda.

Ranar Asabar ta dawo, ko gida ba ta biya ba ta wuce Malali. Ta durƙusa wa Goggo, mace sa'arta, ta ce ita ta riƙe ni a baftisma, ta san ni tun ina rarrafe, ina da tsiwa amma ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba, su ɗauka da hannu biyu. Goggo ta saurare ta har ƙarshe, ta kawo mata ruwa, sannan ta ce:

"Ranar da na tambaye ki, ke kaɗai ce, kika yi shiru. Yau an aiko ki. Ni na fi yarda da ta ranar nan."

Na so in ƙi zuwa coci a Lahadi ta uku. Inna ta ce in na zauna a gida na tabbatar musu, don haka na yi wanka, na ɗaura ɗankwali, na kama azumin jibi kamar kowa. Muka zauna a ɓangaren mata, Inna a damana, Mama a haguna. Ƙaramin Fada ne ya hau bagadi. An shimfiɗa babban ƙyallen nan, daga inda nake ina hango facina a gefe.

Bayan wa'azi katikis ya miƙe da sanarwa. Ya kira wasu masu aure, na farko da na biyu. Ya zo inda sunana yake, ya yi tari, ya wuce. Na ji benci yana ƙara, kawuna suna juyowa. Sai ya ce akwai labari mai sosa rai: ƙaramin Fadanmu zai koma ƙasarsu saboda rashin lafiya, wannan ce Lahadinsa ta ƙarshe, ana roƙon mata su tanadi abinci don ban kwana. Wata tsohuwa a bayana ta fashe da kuka, ta ce an kore musu Fada, Allah ya isa. Ko hukunci ne tafiyar tasa, ko da gaske ciwo ne, ko duka biyun, ba wanda ya gaya mini. Har yau ban san ko Roma ta yarda da ni ba.

Aka kaɗa ƙararrawar jibi. Na cika doka, an yafe mini, ina da ikon in tashi kamar kowa. Amma shi ne a tsaye a gaban bagadi da kofin jibi a hannunsa, kuma a lokacin ba a karɓa da hannu, durƙusawa ake yi a buɗe baki Fada ya ɗora wa mutum a harshe. Inna ta miƙe ta ja hannun rigata, ta raɗa mini in tashi don Allah, ana kallo. Na gwada. Na kasa.

Bencinmu ya watse, mata suka bi ta gabana ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tattare zanenta. Goggo ta wuce ba ta dube ni ba. Can a layin maza na hango kafinta, ya waiwayo sau ɗaya ya ga ina zaune, ya juya. Na san abin da ya gani, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ba haka ba ne.

Mama ta riga ta miƙe, har ta yi taku biyu. Tun da aka yi mata baftisma ba ta taɓa barin jibi ya wuce ta ba, ko ranar da mijinta ke kwance a asibiti. Ta tsaya a tsakiyar hanya, ta dubi bagadi, ta dube ni, sai ta dawo ta zauna. Ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta a fili, inda kowa zai gani. Muka zauna mu biyu a dogon bencin nan har aka gama, ni dai ban iya ɗaga kaina ba.